Yadda manomi zai ci moriyar malamin gona

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, a ƙasarmu ta Nijar damana ɗaya ce a shekara. Ba ta wuce wata uku ko huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Wanda ya shibka irin da bai dace da ƙasarsa ba, ko ya zuba taki ba bisa ƙa'ida ba, ko ya bari tsutsa ta cinye zangarniya, ba shi da wata damanar gyara sai baɗi. Tsakanin bana da baɗi kuwa akwai iyali da ke jiran tuwo kowace safiya. Saboda haka shawarar noma babban abu ce. Mai kyau tana cika rumbu, marar kyau tana sa mai gida ya saida akuyarsa tun kafin bazara. A wannan shafi za mu duba inda ake samun shawara, da yadda ake neman ta, da kuma yadda ake auna ta kafin a yi aiki da ita.

Wane ne malamin gona?

Malamin gona ma'aikaci ne da ya yi karatun noma. Da yawa daga cikinsu sun fito daga makarantar horon ma'aikatan karkara ta Kolo, kusa da Yamai. Wasu kuma sun fito daga jami'a. Ma'aikatar gona tana da wakilai a kowace jiha da kowace gunduma, har zuwa ƙananan hukumomi. Kusa da su akwai malaman dabbobi da ma'aikatan gandun daji, kowa da ɓangarensa.

Aikin malamin gona shi ne ya tsaya tsakanin masu bincike da masu hauya. Masu bincike suna cibiyar INRAN, wadda gwamnati ta kafa a 1975. Babbar tasharta ta ƙasar Hausa tana Tarna, a bakin Maraɗi. Akwai kuma cibiyar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai. A waɗannan wurare ake gwada sabon iri, ake auna taki, ake nazarin ƙwari. Abin da aka tabbatar can, malamin gona zai kawo ƙauye. Abin da ya dami ƙauye kuma, shi zai kai can. Wannan rabi na biyu shi aka fi mantawa da shi.

Kada a ɗauka malamin gona ya fi manomi sanin gonarsa. Mai gona shi ya san inda ruwa ke kwanciya, da inda ƙuduji ke fitowa kowace shekara, da gefen da iska ke kwashe ƙasa. Shi malami ya san abin da aka gwada a wasu garuruwa ɗari, da sunan cutar da ta kama ganye, da adadin maganin da ba ya wuce kima. Sai an haɗa sanin biyu aiki ke kyau.

Yadda aka faro

Dattawanmu sun ga salo iri-iri. Bayan samun ƴancin kai a 1960, an aika masu wayar da kai cikin ƙauyuka, aka kafa ƙungiyoyin gama kai, musamman domin cinikin gujiya. A shekarun 1970 da 1980 aka buɗe manyan ayyukan raya karkara a Maraɗi da Damagaram da wasu jihohi. Ana ɗaukar saurayi da matarsa a kai su cibiyar horo, su yi damana guda suna koyon noma da shanu da zuba takin zamani. Idan sun gama, a ba su shanu da garma bashi. Wasu sun amfana. Amma da yawa sun koma gida sun tarar abin da aka koya masu ya fi ƙarfin aljihunsu, ga fari, ga bashi. A shekarun 1990 kuma aka bi wani tsari da kuɗin Bankin Duniya, inda malami ke zagayawa duk mako biyu yana ganawa da rukunin manoma. Da kuɗin suka ƙare, zagayen ya ragu ƙwarai.

A 2017 gwamnati ta fitar da sabon tsarin ba manoma shawara, ta kafa hukumar APCA domin kula da shi. Wannan tsari ya yarda da abin da kowa ya riga ya gani: malaman gwamnati kaɗai ba za su isa ba. Malami guda yana iya riƙe ƙaramar hukuma mai ƙauyuka da yawa, wani lokaci babur ɗinsa ma babu mai. Wanda ya zauna jiran malami ya zo ƙofar gidansa zai daɗe yana jira.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Ƙofar farko ita ce ofishin gona na ƙaramar hukuma. A ƙananan hukumomi da dama an gina gidan manoma, inda ake ajiyar iri da taki da abincin dabbobi. Ranar kasuwa ta fi dacewa a nemi malami, amma gara a aika masa saƙo tun da wuri.

Ta biyu ita ce ƙungiya. Malami ya fi saurin amsa kiran mutum 20 bisa kiran mutum ɗaya, domin tafiya guda ce za ta amfani jama'a. Wasu manyan tarayyun manoma ma suna da nasu masu ba da shawara, kamar FUMA Gaskiya a jihar Maraɗi, wadda ke gwaje-gwaje tare da masu bincike a gonakin membobinta. Masu noman fadamun da gwamnati ta gyara, kamar Ƙonni da Galmi da Jiratawa, suna da malaman hukumar ONAHA kusa da su.

Akwai kuma majalisun manoma na jihohi takwas, da uwar ƙungiyarsu RECA a Yamai. Tun 2017 RECA ta buɗe wurin amsa tambayoyin manoma ta wayar salula. Manomi yana iya yin tambaya da Hausa ko Zabarmanci. Mai babbar waya yana iya ɗaukar hoton ganyen da ya lalace ya aika ta WhatsApp, ko ya aika muryarsa in bai iya rubutu ba. Gidajen rediyon karkara su ma suna da shirin noma, kuma ta nan ake jin hasashen damana da masana yanayi ke fitarwa kafin saukar ruwa.

Sai ƙofa guda da ya kamata a shiga da hankali, wato rumfar mai saida magani a kasuwa. Manoma da yawa nan suke fara zuwa, domin mai rumfa kullum yana nan, kuma ba ya cewa bai sani ba. To amma shi ɗan kasuwa ne. Abin da ke rumfarsa shi zai ce maka ya dace. A tambayi malami sunan magani tukuna, sannan a je kasuwa a saye shi da sunansa.

Yadda ake tambaya

Manomi ya zo ya ce: "Malam, gonata ta lalace, a taimake ni da magani." Malami ba zai iya komi da wannan magana ba. Likita ma ba ya ba da magani sai ya ji inda ke ciwo. Ga wani kuma ya zo ya ce: "Malam, wake ne. Na shibka shi kwana 40 da suka wuce, a jigawa, cikin hatsi. Ya fara fure, amma furen yana zuba. Ga ganyen, ga furen, ga kuma tsutsar da na samu ciki." Wannan ya riga ya yi rabin aikin.

Don haka mai zuwa neman shawara ya tafi da shaida. A tuge shibka guda har da saiwarta, domin wata cutar a saiwa take. A haɗa da wadda ke da lafiya don a gwada. A sa ƙwaron cikin kwalba ko leda. A tuna ranar shibka, da ranar ruwan ƙarshe, da abin da aka noma a wurin bara, da abin da aka riga aka fesa. Wanda ya riga ya fesa wani abu kada ya ɓoye, ya tafi da kwalbar. Ba kowane jan ganye ne cuta ba. Wani yunwar ƙasa ce, wani ƙishirwa, wani kuma ƙunar maganin da aka zuba fiye da kima. Wanda ya fesa maganin ƙwari bisa shibkar da ke jin yunwa ya zubar da kuɗinsa a banza.

Kafin a rabu da malami, a tambaye shi abu uku: nawa ne kuɗin wannan aiki, hannu nawa yake bukata, kuma mi zai faru idan ruwa ya ɗauke. Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Makarantar da ba ta da allo

Cikin dukan hanyoyin koyarwa, gonar makaranta ta fi shiga ran manoma. An fara ta a ƙasar Indunisiya a 1989, wajen manoman shinkafa, sannan hukumar FAO ta yaɗa ta zuwa Afirka. Ga yadda take. Manoma kamar 25 su haɗu, su samu gona guda, su raba ta. Gefe ɗaya a noma shi yadda aka saba tun kaka da kakanni. Ɗaya gefen a bi sabuwar dabara. Iri ɗaya, ranar shibka ɗaya, ruwan sama ɗaya. Sau ɗaya a mako, da sassafe, su shiga gonar ƙungiya-ƙungiya. Su auna tsawon shibka, su ƙirga ganye, su duba ƙwarin da ke ciki. Daga nan su zauna inuwa, kowane rukuni ya faɗi abin da ya gani, a yi gardama, a yanke shawarar abin da za a yi kafin mako mai zuwa.

Malami a nan ba ya tsayawa gaba yana wa'azi. Tambaya yake yi. A nan ne mutane da yawa suka fara gane cewa ba duk ƙwaro ne maƙiyi ba. Gizo-gizo da wasu ƙananan ƙwari suna cin masu ɓarna, kuma feshi yana kashe su tare. Ranar girbi a yanke kowane gefe dabam, a ɗaure damma a ƙirga, a sussuke a auna da tiya gaban kowa. Sannan a cire kuɗin da aka kashe. Wani lokaci sabuwar dabara ta fi yawan damma, amma idan aka cire kuɗin taki da na ƙwadago sai a ga ribar kaɗan ce. Wannan ma ilimi ne, kuma gara a gano shi a gonar makaranta da a gano shi a gandun gida.

Wanda babu gonar makaranta a garinsu yana iya yin tasa. Ya ware taki 10 a tsawo, taki 10 a faɗi, a tsakiyar gona inda ƙasa ba ta fi sauran kyau ba. Ya gwada abu ɗaya tak. Idan ya canza iri da taki da tazara gaba ɗaya, ba zai san wanne ya yi aiki ba. Kuma damana ɗaya ba ta isa shaida, domin shekarar ruwa kowace dabara kyau take yi.

Taki ɗan kaɗan a gurbi

Ga misalin shawarar da aka gyara domin ta dace da talaka. Da can ana cewa a watsa buhunan taki cikin gona. Manomi ya ji, ya ce to, ya koma gida bai yi ba, domin ba shi da kuɗin. A shekarun 1990 masu bincike a Nijar suka gwada wata hanya: a sa taki ɗan kaɗan cikin gurbin shibka, inda saiwa za ta same shi nan da nan. Ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancin sinadarin da ke sa saiwa ta kafu da wuri. Idan tsiro ya same shi tun yana ƙarami, yana yin ƙarfi kafin iska ta binne shi da rairayi.

Lissafin ba shi da wuya. Idan tsakanin gurbi da gurbi mita ɗaya ce ta kowane gefe, eka guda tana da gurbi 10.000. Takin DAP ana sa giram 2 a gurbi, kimanin abin da yatsa uku ke ɗauka. Ke nan kilo 20 ya isa eka. Takin NPK 15-15-15 kuma giram 6 ne a gurbi, kimanin cikin marfin kwalbar lemo. Ke nan kilo 60, wato buhu guda na kilo 50 da ƙarin kilo 10. Wanda ba shi da kuɗin eka sai ya yi rabi ko kwata.

Amma akwai sharaɗi, kuma nan ne jin magana rabi-rabi ke cutarwa. Idan taki ya taɓa iri cikin ƙasa marar isasshiyar laima, yana ƙona shi. Sai a gauraya shi da ƙasa, ko a sa shi gefe kaɗan, kuma a yi bayan ruwa mai kyau. Bayan mako biyu ko uku da tsirowa a rage tsiro a bar uku a gurbi, in ba haka ba takin ba zai ishe su ba. Kuma takin zamani ba ya maye gurbin takin gida. Gonar da ba ta ganin kashin dabbobi da kara tana gajiya ko da ana sa mata na kanti kowace shekara.

Maganar iri

Malamai sukan kawo irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP da ke nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, ko Chakti da aka fitar a 2018, wanda ke nuna cikin kwana 65 ko kusa da haka, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Akwai wake irin TN5-78, da dawa irin Sepon 82, da gujiya 55-437. Inda damana ke gajarta, irin waɗannan suna tsirar da gida.

Duk da haka manomin da ya ƙi barin zango da sauran irin gargajiya ba jahili ba ne. Dogon kai yana daɗin ɗaurin dami, dogon kara yana yin danni da abincin dabbobi. Kuma wanda ya shibka mai saurin nuna shi kaɗai a cikin gari, tsuntsayen gari duka gonarsa za su sauka. Shi ya sa manoma masu lura ke raba gona, wani gefe sabo, wani gefe na gado, kuma su shawarta da maƙwabta a shibka mai saurin nuna a jere.

Abu biyu za a kiyaye. Hatsi yana barbara da na maƙwabta ta iska, don haka sabon iri yana gauraya, sai a sabunta shi kamar duk shekara uku. Sannan kafin a shibka irin da aka saya, a ƙirga ƙwaya 100, a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma ko rairayi mai laima, a duba bayan mako guda. Idan 80 ko fiye sun tsiro, iri ne mai kyau. Idan rabi ne, a mayar wa mai shi tun ruwa bai sauka ba.

Abin da mutum ɗaya ba ya iyawa

Murzuna, tsutsar da ke sassaƙa zangarniyar hatsi tana barin hanya a murɗe, ta sha ƙwace wa manoma amfanin da suka riga suka gani da idonsu. Feshi ba ya cika kama ta, domin tana ɓoye cikin zangarniya, kuma wa ke da kuɗin fesa gandu duka? Masu binciken INRAN a Maraɗi da abokan aikinsu sun bi wata hanya. Akwai wani ɗan ƙwaro ƙarami, bai wuce ƙwayar hatsi ba, mai harbin tsutsar ya sa ƙwansa a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Ba ya cizon mutum, ba ya cin shibka. Ana kiwon sa, a sa shi cikin ƙananan buhunan algarara, a rataya a gonaki lokacin da hatsi ke fitar da kai. Buhu kamar 15 ake rabawa kewayen gari guda, ƙwarin su fito su bazu.

Wannan aiki na gari ne. Sai an sanar da malami da wuri, tun ana ganin alamar farko. Kuma idan wani ya fesa guba kusa, ya kashe mai taimakon kowa. Haka yake ga fara da tsuntsaye jan baki: wanda ya gani ya gaya wa mai gari da ma'aikatan kare tsirrai a ranar, kada ya jira ranar kasuwa.

Buhun ajiyar wake mai riɓi uku ma ta hanyar taron gari ya shiga. Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a 2007 da sunan PICS. Leda biyu ce masu kauri cikin buhun saƙa. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki suna rasa iska su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Malamai ba su tsaya ga baki ba. Sun sa mutanen gari sun kawo nasu waken, aka ɗaure gaban jama'a, bayan wata huɗu ko fiye aka sake taruwa aka kwance. Abin da ido ya gani ba ya bukatar rantsuwa. Sai dai buhun da ɓera ya huda ko aka riƙa buɗe shi kullum ya daina aiki, kuma akwai na jabu a kasuwa masu siririyar leda.

Ilimin da ya fito daga manoma

Ba duk dabara ce ta fito daga ofis ba. A ƙarshen shekarun 1980 wani aikin raya karkara ya kai wasu manoman Illela, a jihar Tawa, ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ramu a fako, a zuba taki ciki, ruwa ya taru, gara ta huda ƙasa. Da suka dawo suka gyara tasu tassa, suka faɗaɗa ramin, suka tara ƙasar ta gefen gangare. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Har ta kai ana sayen fako da kuɗi a yankin Badagishiri, ƙasar da a da ko kyauta ba a so.

Sassaben zamani ma haka ne. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace bazara suna da rai. Idan aka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka sassabe sauran, itace yana tashi da sauri fiye da dashe. Manoma suka ɗauka, daga gari zuwa gari, yawanci ba tare da malami ba. A kudancin Damagaram kuwa mutane sun daɗe suna tsaron gawo a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an raya wajen eka miliyan 5 ta wannan hanya. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itatuwan da ya raya a gonarsa. Wanda ke da irin waɗannan itatuwa ya nemi ma'aikacin gandun daji ya bayyana masa yadda dokar take kafin ya sa gatari.

Mata da talakawa

Akwai gyara da ya kamata a faɗa. Malami idan ya shigo gari, ƙofar mai gari yake sauka, kuma masu hali su ke kewaye shi. Gonar gwaji takan faɗa hannun mai shanu da amalanke. Mace mai gamana, wadda ke noma wake da gujiya da kuɓewa da yakuwa, sau da yawa ba ta jin an yi taro sai an watse. Ga shi kuwa gamanar mata ta fi kowace gona nisa da gajiya, kuma abin da ta bayar tukunyar gida yake shiga kai tsaye. Ƙungiyoyin mata su nemi a sa masu ranarsu, a lokacin da suka sauke girki, kuma su nemi a yi gwaji a gonakinsu. Mai gida da ya halarci taro ya isar wa iyalinsa abin da ya ji.

Mu ma manoma muna da namu laifi. Wasu ba sa zuwa taro sai sun ji za a raba kuɗin zama ko buhun iri. Wasu suna karɓar irin gwaji su kai kasuwa. Idan aikin ya tashi, babu abin da ya rage a gari sai allon ƙarfe a bakin hanya.

Inda matsalar kuɗi ce, shawara kaɗai ba ta isa. Shi ya sa tun 1999 aka fara haɗa ta da shagunan kayan noma na ƙungiya, masu saida taki kilo-kilo, da kuma jinginar amfanin gona da ake kira warantaji. Da kaka ƙungiya ta tara buhuna a ɗakin ajiya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajenta, ɗaya wajen asusun bashi. Asusu ya ba da rance ƙasa da darajar kayan. Bayan wata biyar ko shida a biya, a buɗe, a saida ko a ci. Riba tana zuwa ne idan farashi ya hau, kuma ba kowace shekara yake hawa ba. A yi lissafin kuɗin ruwa da na ajiya tare da malami kafin a sa hannu.

Maganin ƙwari da lafiyar gida

A nan kuskure ba ya tsayawa ga asarar dami. Maganin da aka yarda da shi a ƙasashen Sahel yana ɗauke da lambar izini a jikin kwalba. Akwai kuma layi mai launi a ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Abin da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe marasa takarda, irin su piya-piya, ba wanda ya san ƙarfinsa, kuma bai kamata ya kusanci abinci ba. A wasu garuruwa akwai samarin da ma'aikatar kare tsirrai ta horar domin feshi. Gara a kira su.

Mai feshi ya rufe jiki da hanci da ƙafa, ya yi da safe ko da marece, ya ba iska baya. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. Yara da mace mai ciki su nisanci wurin. Masu lambu su tambayi kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinkar tumatir ko kabeji ko zogale. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata ruwa ko mai ko nono. Wanda ya ji jiri ko amai ko yawan miyau bayan feshi, a tuɓe masa tufafin, a wanke shi da sabulu, a kai shi likita nan take tare da kwalbar. Nono ba ya karya guba, jiran sa ɓata lokaci ne.

Lokacin neman malami

Yawancinmu muna tuna malami ne a watan Agusta, sa'ad da ɓarna ta riga ta auku, kuma a lokacin kowa na neman sa. Maganar tassa da rabin wata da tara taki, da rani ake yin ta. Maganar iri da takin zamani a gama ta a watan Afrilu ko Mayu, tun kaya ba su yi tsada ba. Maganar buhun ajiya da warantaji a fara ta tun hatsi na tsaye. Malamin dabbobi kuma a tambaye shi ranar da masu allurar rigakafi za su iso gari, don kada garke ya tafi kiwo nesa a ranar. Wanda ya iya rubutu ya samu ɗan littafi, ya riƙa sa ranar shibka, da sunan iri, da yawan takin da ya zuba, da adadin damman da kowace gona ta bayar. Idan malami ya zo, ko an canza shi an kawo sabo, littafin nan za a fara buɗewa.